Yadda Ƙwayar Halitta Ke Gano Ɓarnar DNA Ta Gyara: Abin Lura Ga Manoman Rani Na Garun Malam Da Kura Da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ƙwayar halitta take gano ɓarnar da ta sami DNA ɗinta, da irin furotin ɗin da suke ɗaukar nauyin gyaran. An bayyana manyan hanyoyin gyaran kamar yadda bincike ya tabbatar da su, sannan aka ɗora bayanin a kan rayuwar manoman rani na Garun Malam da Kura da Bunkure a Jihar Kano, inda zafin rana da funfunar amfanin gona da tsargiya da maganin feshi suke haɗuwa a jikin mutum guda. Matsayar maƙalar ita ce, gyaran yana da ƙarfi amma yana da iyaka. Cuta tana samun ƙofa ne idan ɓarna ta rinjayi gyara, ko gyaran ya zo da naƙasa. Tun da ba mu da iko a kan gyaran da muka gada, aikin da ya rage mana shi ne rage ɓarnar.

1.0 Gabatarwa



In ban da jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan'adam tana ɗauke da cikakken DNA na mai jikin. DNA zare ne mai igiya biyu da suka murɗe da juna. A jikin kowace igiya an jera haruffa huɗu na sinadari: adenin, timin, guwanin da sitosin, waɗanda ake taƙaita su da A, T, G da C. Har kullum A tana fuskantar T, G kuma tana fuskantar C. Ke nan duk wanda ya san abin da ke igiya ɗaya, ya san abin da ya kamata a samu a ɗayar. A kan wannan ƙa'ida mafi yawan gyaran DNA ya tsaya. Ƙwaya guda tana da irin waɗannan tagwayen haruffa kimanin biliyan 6, da za a warware su za su kai tsawon mita 2.

Masana sun daɗe suna ɗaukar DNA a matsayin abu mai ƙarko wanda ba ya taɓuwa. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya rushe wannan zato. A 1972 ya nuna cewa ruwa da ɗumin jiki kaɗai sun isa su sa kowace ƙwaya ta zubar da haruffa kimanin 10,000 a yini ɗaya, ba tare da guba ko rana ta taɓa ta ba. Da babu gyara, da ba wanda zai kai shekarun girma. A 2015 aka ba Lindahl da Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, da Paul Modrich na Amurka kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda fayyace hanyoyin gyaran da suka yi.

Tambayar wannan maƙala ita ce: me wannan ilimi yake faɗa wa mai noman tumatir a Kadawa, da mai turara shinkafa a Kura?

2.0 Yankin Da Ake Magana A Kai

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta yana bin babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko na wannan shirin noman rani, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa. Daga kasuwar Kwanar Gafan ake lodin kwandunan tumatir zuwa Kudu, Kura kuwa ta yi suna wajen sarrafa shinkafa.

Abin da ya bambanta manomin wannan yanki da na tudu shi ne ba shi da hutun rani. Da damina yana cikin shinkafa da masara, da an girbe ya faɗa tumatir da alkama da albasa. Wannan arziki ne babba, ba mai musu. Amma kuma sa'o'in da yake yi a rana sun ƙaru, ƙafarsa ta fi daɗewa a ruwa, kuma famfon feshi ba ya jimawa a rataye. Kowanne daga cikin waɗannan yana da hanyar da yake bi ya isa ga DNA.

3.0 Ire-iren Ɓarna

Wata ɓarnar daga cikin jiki take tasowa. Harafi yakan faɗi ya bar gurbi. C takan rasa wani ɓangare nata ta koma yurasil, harafin da ba shi da mazauni a DNA. Ragowar iskar oksijin da jiki ke ƙona abinci da ita takan kama G ta sauya mata kama, har ta riƙa karɓar A a maimakon C. Wata ɓarnar kuma daga waje take zuwa. Hasken UV na rana yana liƙe T biyu maƙwabtan juna. Gubar funfuna da sinadaran hayaƙi suna maƙalewa a jikin G. Haske mai ratsa jiki, irin na gashin kansa, yana tsinke igiyoyin biyu gaba ɗaya.

A nan akwai bambancin da ya wajaba a riƙe. Ɓarna daban, sauyi na dindindin daban. Muddin ɗayar igiyar tana nan lafiya, ɓarna tana gyaruwa. Idan kuwa ƙwayar ta kwafi DNA ɗinta ta rabu biyu kafin a gyara, to kuskuren ya shiga sabon kwafi, igiyoyi biyu sun yi daidai da juna a kan kuskure, babu furotin da zai sake ganin aibi a wurin. Saboda haka lamarin tsere ne tsakanin gyara da rabuwar ƙwaya.

4.0 Ganowa Da Gyarawa

4.1 Cire Harafi Guda

Ƙaramar ɓarna, wadda ba ta lanƙwasa zaren ba, aikin wasu furotin ne da ake kira gilaikosiles. Lindahl ne ya gano na farkonsu a 1974, mai cire yurasil. Mutum yana da guda 11, kowanne da irin ɓarnar da ya ƙware a kai. Furotin ɗin yana zamewa a kan zaren, idan ya zo wurin da harafi bai zauna daram ba sai ya juyo shi waje ya saka shi a wani aljihu da ke jikinsa. Lafiyayyen harafi ba ya zama a aljihun, sai a mayar da shi. Lalatacce kuwa yana shigewa cif, nan take a datse shi. OGG1 ne mai farautar G da oksijin ya ɓata. Bayan ya cire, APE1 ya tsaga gurbin, furotin folimares ya karanta igiyar da ke fuskantarsa ya saka harafin da ya dace, furotin liges ya ɗinke.

Akwai wani furotin, MGMT, wanda ba ya yanka komai. Idan ɗigon sinadarin metil ya maƙale wa G, sai ya ɗauke shi ya ɗora wa kansa. Daga nan shi kansa ya tashi aiki, ƙwayar ta narkar da shi. Gyara ɗaya, furotin ɗaya. Idan ɓarnar ta zo da yawa lokaci guda, MGMT yana ƙarewa kafin a ƙera wani. Babu misalin da ya fi wannan nuna cewa gyara yana da iyaka.

4.2 Yanke Yanki

Babbar ɓarna, irin ta rana da ta funfuna, tana sa zaren ya karkace. A 1964 Richard Setlow da William Carrier suka nuna cewa ƙwayoyin bakteriya suna yanke irin wannan wuri su yar. A jikin mutum, furotin XPC ne mai ganowa, kuma dabararsa abar lura ce. Mai duba kanal ba ya buƙatar sanin ko ɓera ne ya haƙa rami, ko saiwa ce ta fasa, ko ƙasa ce ta zaizaye. Yana tafe a kan gaɓa, inda ya ga danshi ko kumburi a nan yake tsayawa. Haka XPC yake: ba ya tambayar wace guba ce, inda igiyoyi biyu suka kasa rungumar juna a nan yake sauka. Shi ya sa hanya ɗaya take iya gyara ɓarnar sinadarai masu tarin yawa, har da waɗanda aka ƙirƙiro a zamaninmu.

Da XPC ya sauka, gungun TFIIH ya warware zaren a wurin, XPA ya taimaka a tabbatar ɓarna ce da gaske, XPF ya yanka ta gefe ɗaya, XPG ya yanka ta ɗaya gefen. Haruffa 24 zuwa 32 ake cirewa. A bakteriya, kamar yadda Sancar ya nuna a 1983, guda 12 zuwa 13 ne. Sai folimares ya cike, liges ya rufe. Akwai kuma hanya ta biyu ta ganowa. Furotin mai karanta ƙwayar gado domin aikin yau da kullum yakan cije idan ya ci karo da ɓarna, tsayawarsa ita ce ƙararrawa, sai CSB ya kirawo masu yanka. Ta haka sassan da ƙwaya ta fi amfani da su suke riga sauran samun gyara.

4.3 Gyaran Kuskuren Kwafi

Folimares mai kwafar DNA yakan yi kuskure kusan sau ɗaya a haruffa 100,000, amma yana waiwaye ya gyara mafi yawansu da kansa. Abin da ya kuɓuce masa, MSH2 da abokin aikinsa suke tsinta, MLH1 ya jagoranci cire shi daga sabuwar igiya, ba tsohuwa ba. Modrich ya haɗa irin wannan tsari na bakteriya cikakke a kwalbar gwaji a 1989. Bayan waɗannan matakai, kuskuren da ke saura bai wuce ɗaya a biliyan ba. Iyalan da suka gaji naƙasar waɗannan furotin suna yawan kamuwa da kansar hanji tun da sauran ƙuruciya.

4.4 Tsinkewar Igiya Biyu

Wannan ita ce mafi haɗari, domin babu igiyar da za a duba. Hanyoyi biyu ne. Ta farko ta gaggawa ce: furotin Ku ya cafke bakunan biyu, liges na huɗu ya haɗa su, ko da an yi asarar 'yan haruffa. Ta biyu ta fi tsafta amma sai bayan an kwafi DNA take yiwuwa: BRCA1 da BRCA2 suna ɗora RAD51 a kan tsinkakken baki, ya lalubo kwafin da ke gefe a kwaikwaya.

Naƙasar wannan hanya ba labarin nesa ba ne. Binciken da ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade ya wallafa a 2018, a kan mata 1,136 masu kansar mama a Ibadan, ya samu kashi 7.0 cikin 100 suna ɗauke da naƙasasshen BRCA1, kashi 4.1 kuma BRCA2. Sanin aikin BRCA ya haifar da magani: idan aka toshe furotin PARP, mai gano tsagewar igiya ɗaya, ƙwayar kansar da ta riga ta rasa BRCA sai ta mutu, lafiyayya ta tsira. An amince da olaparib, na farkon irin wannan magani, a 2014.

4.5 Mai Yanke Hukunci

Gyara yana buƙatar lokaci, kuma p53 ne mai samar da shi. Idan furotin ATM da ATR suka ji ɓarna, sai su tayar da p53, shi kuma ya dakatar da rabuwar ƙwayar har a gama. Idan ɓarnar ta wuce gyara, sai ya umarci ƙwayar ta kashe kanta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. An gano p53 a 1979, kuma kusan rabin dukkan kansar ɗan'adam ana samun sa a lalace.

5.0 Abin Da Ke Faruwa A Gonakinmu

5.1 Rana

Mutane iri biyu sun isa su bayyana matsayar wannan maƙala. Na farko masu cutar da ake taƙaita sunanta da XP. A 1968 James Cleaver ya nuna cewa ƙwayoyinsu ba sa iya yanke ɓarnar rana. Haɗarin kansar fata kafin shekara 20 ya ninka na sauran mutane kusan sau 10,000. Sai yaro ya gaji naƙasar daga uwa da uba sannan take bayyana, shi ya sa ta fi yawa inda auren zumunci ya yi ƙarfi, kamar ƙasashen Arewacin Afirka.

Na biyu su ne zabaya. Su gyaransu lafiya lau yake. Abin da suka rasa shi ne melanin, sinadarin baƙin fata da ke tare hasken UV kafin ya isa ga DNA. Ɓarnar da ke shiga ta fi ƙarfin masu gyara, sai gyambo ya fito a kunne ko wuya ko leɓe ya ƙi warkewa. Na farko gyara ya rasa, na biyu kariya ya rasa, amma makomarsu ɗaya. Zabiyan da aka haifa a gidan manoma, aka tura shi tsinkar tumatir da tsakar rana kai ba malafa, an ɗora masa abin da jikinsa ba zai iya ba. Mai baƙar fata yana da kariya mai yawa, amma idonsa da leɓensa ba su da irinta.

5.2 Funfuna Da Hanta

Masarar da aka zuba a buhu da sauran danshi, da gyaɗar da aka shanya a ƙasa, su ne mazaunin funfunar da ke fitar da gubar afulatoksin. An gano gubar ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sanadin cin tunkuzar gyaɗa. Hanta, a ƙoƙarinta na fitar da gubar, sai ta mayar da ita wani sinadari mai kama G. Idan ba a yanke wurin da wuri ba, G ta koma T a kwafi na gaba. Abin takaici, ɗaya daga wuraren da hakan ya fi faruwa shi ne gurbi na 249 a ƙwayar gadon p53 kanta. A 1991 aka gano wannan tambari a kansar hanta a Sin da kudancin Afirka, daga baya aka same shi a jinin fiye da kashi ɗaya bisa uku na masu kansar hanta da aka gwada a Gambiya.

Idan ciwon hanta nau'in B ya shigo, lamarin ya ƙazanta. Ƙwayar cutar tana sa hanta cikin kumburi da yawan rabuwa, ga shi furotin ɗinta HBx yana yi wa p53 katsalandan. Ɓarna ta ƙaru, lokacin gyara ya ragu. Binciken da aka yi a kan maza fiye da 18,000 a Shanghai, wanda aka wallafa a 1994, ya samu cewa gubar ita kaɗai tana ninka haɗari kusan sau 3, cutar ita kaɗai kusan sau 7, amma idan suka haɗu kusan sau 60.

A duba abin da ke faruwa a tsakar gida. Uwargida ta baje gyaɗa a faifai tana tsincewa. Masu kyau na kasuwa ne. Ƙanƙararru da masu baƙin ciki da waɗanda ƙwari suka huda, ba a zubar da su, a ganinta asara ce. Su ake soyawa a yi ƙuli-ƙuli, ko a zuba a miya, ko a ba kaji da awaki. Ke nan mafi gubar ita ke zama a gida, kuma suya da dahuwa ba sa kashe afulatoksin.

5.3 Tsargiya

Ruwan kanal mai tafiya a hankali, da ciyawa a gefe, shi katantanwar da ke rainon tsutsar tsargiya take so. Yaro ya yi wanka, tsutsar ta huda fata, ta girma ta koma jijiyoyin mafitsara ta yi ta zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen suna fita da fitsari tare da jini, wasu suna maƙalewa a bangon mafitsara. Sojojin jiki suna yi musu ruwan sinadaran oksijin shekara da shekaru, ƙwai bai narke ba, DNA na bangon mafitsara ne ke shan wuya. Bincike a Masar ya samu metil maƙale da G a mafitsarar irin waɗannan marasa lafiya, wato ainihin ɓarnar da MGMT yake ƙarewa a kanta. Tun 1911 likita A. R. Ferguson ya lura da dangantakar tsargiya da kansar mafitsara a Alƙahira, a 1994 kuma hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sanya tsutsar cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ne. Da Masar ta rage tsargiya, nau'in kansar da ke biyo ta shi ma ya ragu.

5.4 Maganin Feshi

A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, a shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa. Tsutsar a cikin ganye take zama inda magani ba ya isa da sauƙi, sai aka shiga ƙara yawan feshi da gauraya magunguna. Wanda ya tsaya bakin gona ya san yadda aikin yake. Mai feshi ya auna magani da murfin kwalba, ya ɗebo ruwa a kanal, ya goya famfo. Bakin famfo ya toshe, ya sa baki ya busa. Kafin hantsi rigarsa ta jiƙe a gadon baya, ba gumi kaɗai ba. Ya tashi ya sayi madara ya sha, wai ta wanke guba. Madara ba ta wanke komai, kuma mafi yawan maganin ta fata yake shiga.

A nan dole a yi adalci, domin magungunan ba ɗaya ba ne. Farakwat, maganin ciyawa, yana haifar da sinadaran oksijin masu ɓarna a cikin ƙwaya, kuma hukumar NAFDAC ta haramta shi daga farkon 2024. Diklobos, sinadarin fiya-fiya, yana iya ɗora metil a DNA, IARC ta sa shi cikin waɗanda ake zargi. Gilifoset kuwa ana jayayya a kansa: IARC ta ce a 2015 mai yiwuwa yana haddasa kansa, hukumomin Amurka da Tarayyar Turai ba su yarda da hakan ba. Hujjar da ke kan feshi ba ta kai ta funfuna da tsargiya ƙarfi ba, amma ta isa ta sa a yi hattara.

6.0 Shuka Da Iri

Shuka ma tana gyara, har tana da abin da muka rasa. A 1949 Albert Kelner ya lura cewa ƙwayoyin da UV ya illata suna farfaɗowa idan aka sa su a haske. Dalili shi ne furotin fotolayes, mai amfani da shuɗin haske ya raba T biyun da suka liƙe ba tare da yanka ba. Shinkafa da alkama da tumatir suna da shi, ɗan'adam ba shi da shi. Masana a Jami'ar Tohoku ta Japan sun nuna cewa shinkafar Sasanishiki ta fi Norin 1 jure UV saboda bambancin fotolayes ɗinsu. Masu zaɓen iri a Kadawa suna da abin dubawa a nan.

Busasshen iri ba ya gyara, ɓarna tana taruwa ne duk tsawon ajiya. Sai ya sha ruwa sannan gyara ya fara, kuma ATM yana jinkirta tsiro har a kammala. Wannan yana cikin dalilan da suka sa irin albasa da ya shekara a ɗaki mai zafi yake fitowa a makare, a tsinke. Ƙa'idar Harrington, wadda masu adana iri suke aiki da ita, ta ce rage danshin iri da kashi 1 cikin 100, ko rage zafin ma'ajiya da kusan digiri 5, yana ninka tsawon ransa.

7.0 Shawarwari

Na farko, bincike. Gwajin tauraruwa mai wutsiya, wanda aka ƙirƙiro a 1984 aka inganta a 1988, ba shi da tsada. Ana saka fararen ƙwayoyin jini a cikin wani kauri mai kama da kamu, a ratsa wutar lantarki, tsinkakken DNA ya janyo wutsiya, a auna ta a madubin ƙara girma. Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil za su iya haɗa hannu a gwada masu feshi kafin kakar tumatir da bayanta, a kwatanta su da maƙwabtansu marasa feshi, tare da lura da shekaru da shan taba. A nemi yardar mutane, a koma a gaya musu sakamako, a kuma bayyana musu cewa gwajin ɓarna yake aunawa, ba hukuncin kansa yake yankewa ba.

Na biyu, allurar ciwon hanta nau'in B, wadda take cikin jadawalin rigakafin yara na Nijeriya tun 2004, a yi ta cikin sa'o'i 24 na haihuwa, har ga jariran da aka haifa a gida.

Na uku, a shanya amfanin gona a kan tamfol, a bari ya bushe ƙayau kafin a ɗura, a ɗora buhuna a kan katako, a binne ko a ƙone tsintaccen da ya ɓaci. Masu masara da gyaɗa su nemi Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar.

Na huɗu, a riƙa ba 'yan makaranta da almajirai maganin tsargiya firazikwantel a kai a kai, a kuma share ciyawar kanal.

Na biyar, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su tanadi safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci a matsayin kayan haya, a daina ba yara famfo. Zabaya a ba su aikin inuwa, da malafa da riga mai dogon hannu da man kariya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙwayar halitta tana gano ɓarna ta hanyar siffa, tana gyarawa ta hanyar duba lafiyayyar igiya, tana kuma kashe kanta idan gyara ya faskara. Ta nuna kuma cewa wannan tsari yana gazawa idan kaya ya yi masa yawa. Babu ƙwayar magani ko sassaƙe da aka tabbatar tana ƙara wa XPC ko OGG1 ƙarfi, duk mai tallar irin wannan kuɗinku yake so. Allurar jariri da tamfol da maganin tsargiya da safar hannu kuwa suna kasuwa da asibiti, kuma an san amfaninsu. Ina kira ga jami'o'inmu da hukumomin lafiya da na noma da hakimai da limaman wannan yanki, su sa waɗannan cikin shirin kakar rani mai zuwa, kamar yadda ake sa taki da iri.